Sistem Ɗinka da Na Kowa

Madarumfa, bayan kaka.

Zuwa ga autana Ishaya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji Yesu. Ina fatan mota ta sauke ka Yamai lafiya, ka sami ɗakin da aka yi maka alkawari, kuma murar da ka tafi da ita ta sake ka. Tun ranar da ka fita nake roƙon Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a makarantar da za ka koyar. Babanka yana gaishe ka. Labarin gida ba zan ba ka ba, don ba abin da ya canja sai abu ɗaya, kuma shi ne dalilin wannan takarda.

Ka tuna a tasha, da jakarka a kafaɗa, ka riƙe mini hannu ka ce, "Inna, ki yi mani alkawali guda. In kwamiti sunka ce za su goge sistem ɗina daga ordinater ta biro, kada ki yarda." Na ce ka shiga mota kada a cike maka wuri. Ka ɗauka hayaniyar tasha ce ta hana ni ji. Na ji sarai. Kwamitin ikilisiya ya zauna ranar Lahadi bayan sujada a kan wannan magana, an kuma yanke. Zan gaya maka abin da aka yanke da inda na tsaya, amma sai ka yi haƙuri ka bi ni ta doguwar hanya. In na ba ka amsar a sama za ka ninke takardar ka tura ƙarƙashin katifa. Na san wanda na haifa.

Bari in fara da abin da ban taɓa faɗa maka da bakina ba. Ina alfahari da kai, Ishaya, alfaharin da wani lokaci sai na roƙi gafara a kansa.

Tun ina budurwa 'yan mishan suka koya mini keken rubutu, kuma tun daga nan nake buga takardun biron ikilisiya, wato ofishinta: sanarwa, waƙoƙi, darussan karatun manya. Keken nan don Faransanci aka ƙera shi. Bai san ƙ ba, bai san ɗ ba, bai san ɓ ba. In na gama bugawa sai in ɗauki alƙalamin bik in bi layi layi ina sa wa haruffa ƙugiya da hannu. Rabin ciwon idona daga nan ya fito. Wata shekara muna shirin babban taro, mutane za su zo daga ƙauyuka, na buga sanarwa aka manna a ƙofar majami'a cewa kowane gida ya kawo tuwo domin baƙi. Ƙugiya ɗaya ta kuɓuce mini. Da aka kawo tuwon, sai marigayi Baba Ayuba, dattijon nan mai son raha, ya jawo akushi gabansa ya wanke hannu. Aka ce, "Baba, ai na baƙi na." Ya ce, "Ku tahi ku karanta. Takarda ta ce domin baki, ni kuwa ga nawa bakin." Har ya bar duniya, in ya gan ni sai ya ce, "Sakatare, yau na wa za a kawo?"

Da aka ba biro kyautar ordinater, wato kwamfuta, na yi zaton wahala ta ƙare. Ashe ita ma ba ta san ƙugiya ba. Ta zo da sistem ɗin da ke cikin kowace ordinater a Maradi, wanda ni nake kira na kowa. Kai ne ka fahimtar da ni cewa sistem shi ne abin da ke tafiyar da injin, shi ke karɓar abin da na buga, ya ajiye, ya aika wa injin bugawa. Sai ga ka ka dawo daga karatu da tulin disket a cikin kwalin sabulu, ka ce akwai wani sistem dabam, ka roƙi Pasto ya bar ka ka sa. Ka cire na kowa ka sa naka. Ranar da ka kira ni ka miƙo mini takarda da ɗuminta, na ga "Ɗan Allah" da ƙugiyarsa, na ga "ƙauna" da tata, na ga "ɓatacce" tsaye daidai kamar a cikin littafin da aka buga a turai, sai na miƙe. Na ce maka zan je in duba wuta a gida. Ba wutar da na je dubawa. Bayan biro na zaga na share hawaye.

Kuma ba ƙugiya kaɗai ba. Tsohon injin nan da kowa ya ce ya gaji, a hannunka ya koma yana gudu. Bai taɓa tsayawa ya cinye mini aikin yini ba, abin da na kowa ya saba yi mini. Lokacin da cutar nan mai bin disket ta zagaye birori a Maradi, mutane suna ta salati sun rasa takardunsu, mu ko atishawa ba mu yi ba. Abin da ya fi burge ni shi ne da ka ce ba kamfani ne ya yi shi ba, mutane ne a ƙasashe dabam dabam, ba su ma san juna ba, kowa ya kawo abin da ya iya ya ajiye don kowa ya ɗauka. Na ce ashe su ma sun san gayya. Abin da aka yi da irin wannan zuciya ba zan taɓa raina shi ba. Tsuntsun nan ne kawai da ka manna a jikin injin, mai tsayuwa kamar mutum, ban gane masa ba. Ka ce, "Inna, dube shi, ga baƙin baya ga farin ciki." Na ce farin cikin naka ne kai kaɗai, mu baƙin muke gani, don duk sanda muka kunna injin baƙar fuska ce ke tarbar mu tana jira mu buga mata kalmomin da ba na Hausa ba, ba na Faransanci ba.

To, abu mai kyau haka, me ya sa mutane suke gudunsa? Ka sha yi mini wannan tambaya kana huci. Ka ce jahilci ne, ka ce lalaci ne. Ni ban yi karatunka ba, amma na yi kurakuran da suka koya mini amsar, kuma gara in ba ka su da ka je ka sake yin irinsu.

Kafin a haife ka, wata Baturiyar mishan za ta koma gida, ta kira ni ta ce in zaɓi ɗaya cikin kekunan ɗinkinta biyu. Ɗaya baƙi ne, irin wanda kowane tela yake da shi daga nan har Katsina. Ɗayan kore ne, daga ƙasarsu ta zo da shi, yana yin ado iri iri, har ramin maɓalli yana yi da kansa. Babanka ya ce, "Ɗauki baƙin." Na ce masa shi bai san ɗinki ba, ya tsaya ga lambunsa. Na ɗauki koren. Kuma gaskiya ya yi ɗinki. Rigunan bikin Kirsimeti na yayyenka, mata har gida suke biyo ni su juya su ciki da waje suna kallo. Sai wata rana ƙoshiyarsa ta tsage, ɗan ƙarfen nan da zaren ƙasa ke zama a ciki. Na nema a Maradi babu. Na ba masu zuwa Ɗan Issa saƙo, na ba masu zuwa Katsina, har wani ɗan kasuwa ya tafi mini da tsohuwar ƙoshiyar zuwa Kano don a gwada. Kowa ya juya ta ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Maƙwabciyata Lami kuwa, mai baƙin keke, nata kusan kowane wata sai ya lalace, amma ranar kasuwa za a gyara mata kafin azahar, don duk wanda ya zauna da akwatin kayan gyara ya san cikinsa. Lami da kekenta ta aurar da 'ya'yanta. Nawa shi ne wanda kuka taso kuna ɗora fitila a kai.

Ka ji abin da na koya. Mu talakawa in za mu ɗauki abu ba mu cika tambayar wanne ya fi kyau ba. Tambayarmu ita ce, ranar da ya lalace wa zan kira? Ka tuna da injin bugawarmu ya mutu aka sayo sabo a Maradi. Ya zo da disket ɗinsa, amma na sistem ɗin kowa ne, naka bai san shi ba. Ka yi kwanaki kana fama, ka aika wa abokinka na Yamai takarda ya nemo maka bayani, kana cin abinci a tsaye. Daga ƙarshe ka sa shi ya yi aiki, na kuma yaba maka, don ban san wani a ƙasar nan da zai iya ba. Amma wannan ɗin ne ya tsorata ni. Ban san wani ba. Sistem ɗinka mai gyaransa ɗaya ne a Madarumfa, kuma na raka shi tasha da kaina. Duk inda ka sa shi nan gaba, kada ka bar wurin sai ka bar mai gyara, wanda za a iya aika wa a ce ya zo, ya zo a ƙafa.

Kuskure na biyu a gona na yi shi. Ka san 'yar gamanata ta wajen Safo, gonar da kakanka ya yanka mini. Wata shekara malamin gona ya zo da irin hatsi mai saurin nuna. Ya yi bayani a taro, kowa ya gyaɗa kai, ba wanda ya karɓa sai ni. Na shuka, na kuwa ga abin mamaki. Hatsin mutane bai ko fid da kai ba, nawa ya yi zangarniya ya cika. Ina tafe ina ɗaga kai. Abin da ban lissafa ba shi ne tsuntsaye. A duk faɗin karkarar nan gonata ce kaɗai ke da abin ci, sai suka taru a kaina. Na kafa tsummoki, na kaɗa gwangwani, na yi ihu har muryata ta dushe. Abin da na kai gida ko rabin na bara bai kai ba. Mata suka yi ta yi mini dariya a rijiya, aka ce irin malamin gona ba shi da albarka.

Irin ba shi da laifi. Bayan wasu shekaru, da ruwa ya riƙa ɗaukewa da wuri, mutane da yawa suka shuka shi tare, tsuntsaye suka rarrabu, kowa ya samu. Yau shi ne rabin abin da ake shukawa a wajen. Laifina shi ne na shiga ni kaɗai.

Haka ya faru da mu a biro. Ka tuna littafin karatun manya da muka shirya. Ba mu da injin da zai buga da yawa, sai na ɗauki disket na tafi Maradi wurin Malam Isufu mai shagon buga takardu. Ya sa a injinsa, ya cire, ya hura, ya sake sawa. Ya ce, "Madam, wanga disket ba ya magana da injina. Ko dai babu komi ciki, ko kuwa da wani yare anka rubuta shi." Na ce ɗana ne ya shirya, da wani sistem na dabam. Ya ce, "Na ji labarin ɗanki, an ce gwani na. Amma dubi mutanen ga da ka jirana, duk da iri guda sunka zo. Ni ba ni iya sake injina don mutum guda." Bai faɗa da wulaƙanci ba, har ruwa ya sa aka kawo mini. Na dawo da disket ɗina a ɗaure a bakin zane. Haka kuma takardun da babban biron ikilisiya ke aiko mana daga Maradi, in ka buɗe su sai su fito a hargitse, sai ka zauna ka gyara. Kai a wurinka ƙaramin aiki ne. Na ji ka ce wa Pasto laifin nasu sistem ne, shi ne ba ya bin ƙa'ida. Wataƙila gaskiyarka ce. Amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma takarda ba don mai rubuta ta ake yin ta ba, don wanda za a kai wa ne.

Ka kuma ce wa Pasto naka kyauta ne, na kowa kuwa sayarwa ake yi. Ka tuna amsarsa? Ya yi dariya ya ce, "Ishaya, wa ka taɓa gani ya saye shi? A cikin injin yaz zo." Wannan hujjar taka a turai take da ƙarfi. A nan mutum ya tarar da abu a cikin injinsa, maƙwabcinsa ma shi yake da shi, shi aka koya masa a makarantar dakitilo, ta koyon buga takardu, shi za a tambaye shi in ya je neman aiki. In ka ce ya bari ya ɗauki wani, dole abin da za ka ba shi ya fi abin da zai rasa, kuma shi ne zai auna, ba kai ba. Saboda haka in kana so irin nan ya kama, kada ka yi ta yafa shi ɗaya nan ɗaya can. Nemi mutanen da ke aika wa juna takardu, biro da shagon da ke buga masa da makarantar da ke koya wa ma'aikatansa, ka shawo kansu tare. Zai ɗauki lokaci. Kana da shi, ni ce ba ni da shi.

Yanzu ga na ukun, wanda ya fi yi mini nauyi, don shi na gani a jikinka.

Lokacin da hannuna ke da ƙarfi ba wanda ya kai ni saurin bugu a nan. Ina bugawa ina hira, ban duba maɓallai. Sai aka ce in koya wa matan ikilisiya, ko wasu su sami abin yi. Suka zo da murna. Amma ni in na ga mace tana neman harafi da yatsa ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, sai raina ya ɓaci. In ta yi kuskure sai in ce, "Matsa in nuna miki," in zauna in buga layin cikin ƙiftawar ido, in tashi. A ganina koyarwa nake yi. Ashe nuna musu nake yi cewa ba za su taɓa iyawa ba. Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa. Wannan ta ce goyo, wannan ta ce gona. Na ce wa babanka matan garin nan ba sa son ci gaba. Ya dube ni ya ce, "Ko dai malamar ce ba su so?" Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba, don na san ya faɗi gaskiya. Cikinsu duka mutum ɗaya ce ta jure mini, ita ce Mariyama, wadda kake kira Tanti, kuma ba don na iya koyarwa ba ne, don tana da haƙurin da ya fi nawa ne.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ina zaune a biro ranar da Tanti Mariyama ta tambaye ka yadda za ta sa injin ya ga disket ɗinta. Ka nuna mata da safe, ta manta, ta sake tambaya da rana. Ba ka ɗago kai ba ka ce, "Tanti, ai na rubuta duka na manna ga bango. Ki karanta mana." Ba ka zage ta ba, ba ka ɗaga murya ba. Amma na ga fuskarta. Macen nan ta goya ka. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta tafi Maradi da ƙarfin hali ta koyi ordinater a kan na kowa, ta dawo tana jin ta iya wani abu a duniya. Rana ɗaya ka mai da ita wadda ba ta san komai ba, sa'an nan ka nuna mata bango.

Daga ranar ba ta sake tambayarka ba. Ka ɗauka ta gane ne, har ka ce mini Tanti ta kama hanya. Ba ta kama ba. Tsohon keken rubutuna ta jawo daga bayan kabad, in ba ka nan ta buga aikinta a kai, ta sa ƙugiya da bik. Na same ta a haka wata safiya, ta ji kunya kamar na kama ta da sata. Na ce, "Mariyama, mi ya kai ki?" Ta ce, "Yaya, ni ba ƙin abin ga nika yi ba. Na ga kyawonshi. Tsoronshi nika ji. Wancan in na ɓace sai in kama ɓeran injin in yi ta dube-dube har in gane hanya. Wanga in na manta kalma guda sai shi tsaya shina kallona. Kuma in na taɓa wani abu ya lalace, mi za ni ce ma Ishaya?"

Ka ji, ba lalacewar take tsoro ba kamar abin da za ta ce maka. Na yi ta tunanin maganar nan. Na ga abokanka da suka zo hutu, masu son sistem ɗin nan irinka. Yara ne masu kaifin kai, na ji daɗin zamansu, kuna hira kuna dariya da kalmominku. Amma in wani ya yi tambayar da ta yi muku sauƙi sai ku kalli juna. Ku ba ku san kuna yi ba, wanda ya yi tambayar kuwa ya gani. Kun yi wahala kafin ku iya, sai wahalar ta zama abin taƙamarku, har ba kwa so a sauƙaƙe wa na baya. Ni ma haka na yi da keken rubutu. Mutum yana iya jure wa injin mai wuya in malaminsa mai sauƙi ne. In duka biyun suna da wuya, gida zai koma. A makarantar nan da za ka koyar, in ɗalibi ya tambaye ka abu sau uku, ka amsa na ukun da muryar da ka amsa na farko. Kuma ka sa hannuwanka a aljihu, ka bar shi ya buga da nasa.

Na kuma ji ka rantse wa babanka cewa ba za ka koya wa kowa sistem ɗin kowa ba, ko za a kore ka. Ka warware wannan rantsuwa, Allah ba zai kama ka da ita ba. Yaran da za su zauna gabanka iyayensu sun sayar da awaki sun turo su don su sami aiki, kuma aikin da ke akwai a kan na kowa yake. Ka koya musu shi da kyau, fiye da yadda masu sonsa ke koyarwa. In sun yarda da kai, sai ka ce ga wani abu kuma, ku zo ku gani. Wanda ka fara ba shi abin da ya zo nema shi ne zai tsaya ya saurari abin da kake so ka ba shi.

To, ga abin da ya faru ranar Lahadi. Pasto ya buɗe da addu'a, ya ce kowa ya san aikin da Ishaya ya yi, ba wanda ya zo don ya ɓata shi. Ma'aji ya kawo maganar littafin da aka kasa bugawa a Maradi. Wani dattijo ya ce shi dai takardun da ke fitowa yanzu sun fi na da kyau, a bar shi. Aka yi ta ja. Mariyama tana zaune a gefe. Daga nan Pasto ya juyo ya ce, "Mama Saratu, ke ce mai biro, kuma ɗanki na. Abin da kinka ce shi za mu bi."

Akwai abin da ban gaya maka ba kafin ka tafi, don kada ka fasa tafiya. Likitan ido ya ce in daina aikin takarda. Bayan Kirsimeti zan ajiye, Mariyama ce za ta karɓi biro. Na dube ta a wurin nan. Na san in na ce a bar sistem ɗinka ba za ta yi musu ba. Za ta yi ta fama a ɓoye har ranar da wani abu zai tsaya, ba kai, ba ni, a ce ta kasa, a nemo wani. Da aikin nan take ciyar da yaranta. Na sa alkawarin da ka nema a hannu ɗaya, na sa tuwon gidanta a ɗayan.

Na ce a mai da na kowa. Da aka ce a ɗaga hannu, nawa ne ya fara tashi.

Ya yi mini ciwo, Ishaya, kuma har yanzu yana yi. Ba wanda zai yi kewar abin nan kamar ni, don ba wanda ya san abin da ya sauƙaƙe kamar ni. An ce akwai wata dabarar da ake sa wa na kowa ya yi haruffanmu, amma ba ta iso mu ba, sai mu koma ga bik kafin ta iso. Na roƙi abu ɗaya aka ba ni: wanda zai zo daga Maradi ya mai da na kowa ba zai taɓa kwalin disket ɗinka ba, yana wurina. Ka yi fushi da ni in kana so, kana da hakki. Amma kada ka yi fushi da Tanti Mariyama. Ka rubuta mata takarda ka gaishe ta, kada ka ambaci ordinater ko sau ɗaya.

Kada kuma ka ɗauka na ce ka bar abin nan. In ka bar shi, shi ne zan yi fushi. Na ga abin da zai iya, na kuma ga yadda idonka ke haske in kana kansa, kuma ban haife ka don ka zama kamar kowa ba. Abin da nake so shi ne ka kai shi inda ba ya bukatarka. Yanzu masu yabonsa ne kaɗai ke amfani da shi, shi ya sa na san bai isa ko'ina ba tukuna. Ina jiran ranar da zan shiga wani shago a Maradi, ko da jagora ne, in ji wata mai dakitilo wadda ba ta taɓa jin sunanka ba tana zagin sistem ɗin nan don ya ɓata mata layi, ta ja tsaki, ta kira maƙwabciyarta ta nuna mata, ta ci gaba da aikinta. Zan fita in sayi goro in raba wa duk wanda ke wurin, su yi ta tambayar juna bikin me tsohuwar nan take yi.

Ubangiji ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya tsare ka daga girman kan da ke bin masu ilimi. Ya ba ka lafiya, ya ba ka haƙuri fiye da wanda ya ba uwarka, ya sa albarka a hannuwanka. Ka ci abinci a zaune. Ka nemi majami'a tun Lahadin farko. Allah ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ce innarka,
Saratu